Wane launi ne na asali? Tambayoyi da amsoshi kan fentin tsofaffin motocin tsere

Fentin mota ne sana'ata. A Agege na koye shi, a nan kuma nake cin abinci da shi, a wani gareji bayan layin dogo, inda in jirgin Ibadan ya taho sai yara su yi maza su rufe gwangwanaye saboda ƙura. Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: motar da ta taɓa zagaya filin tseren Le Mans na Faransa ba irin wadda ake tsinta a titin Legas ba ce. Abin da ke zuwa hannunmu shi ne tsohuwar Mercedes ta gado, ko Peugeot 504, ko Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, jefi-jefi kuma Jaguar ko Datsun da ta shekara 30 ƙarƙashin tamfol a Apapa ko Ikoyi. Wasu masu su so suke a mayar da mota launin da ta fito da shi daga kamfani. Wasu kuma sun ga hoton wata motar tsere ta da, suna so a yi wa tasu irin kwalliyarta. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, na gaji da maimaita amsa a waya, shi ya sa na tattara su a nan.

Wai me ya sa tsofaffin motocin tsere na Italiya duk ja ne, na Ingila kuma kore?

Domin a da launi tuta ne. A gasar kofin Gordon Bennett, wadda aka yi daga 1900 zuwa 1905, ƙasa da ƙasa ne ke karawa, sai aka ba kowacce launinta don 'yan kallo su shaida ta daga nesa: Faransa shuɗi, Jamus fari, Beljiyam rawaya. Ja ma da farko na Amurka ne, daga baya ya koma hannun Italiya. Ingila ta ci kofin a 1902 da motar Napier wadda Selwyn Edge ya tuƙa, sai ya zama ita ce mai masauki a 1903. Dokarta kuwa ba ta yarda da tsere a kan titi ba, aka kai gasar tsibirin Ireland, ƙasar da kore ne alamarta, kore kuma ya zauna wa Ingila daga nan.

Amma a lura, launin na ƙasar masu shigar da mota gasa ne, ba lallai na ƙasar da ta ƙera ta ba. Jaguar D-type da ta ci Le Mans a 1956 da 1957 shuɗiya ce, don ƙungiyar Ecurie Ecosse ta Sikotilan ce ta shigar da ita. A gasar Beljiyam ta 1961 motocin Ferrari huɗu ne suka zo na ɗaya zuwa na huɗu, ta huɗun rawaya ce saboda direbanta, Olivier Gendebien, ɗan ƙasar ne. Tsarin ya rushe a 1968 da aka buɗe wa masu talla ƙofa, Lotus ta ajiye korenta ta ɗauki ja da fari da ruwan zinare, launin kwalin sigarin Gold Leaf.

To in na ce a yi mini koren tseren Ingila, ai magana ta ƙare ko?

Ba ta ma fara ba, Alhaji. Je ka marinar Ƙofar Mata a Kano ka ce a rina maka shuɗi, sai an tambaye ka wanne: mai haske kamar sararin samaniya, ko wanda aka tsoma aka sake tsomawa har ya kusa zama baƙi? Duk kuwa daga rami ɗaya suka fito. Haka koren Ingila yake, kowane kamfani da nasa. Na Jaguar da ta ci Le Mans a 1951 da 1953 duhu gare shi, da magariba sai ka ɗauka baƙi ne. Na Aston Martin DBR1, wadda ta ci a 1959, mai haske ne, yana ƙyalli. Dukansu suna ɗaya ake kiransu.

Ja ma haka. Na Alfa Romeo kafin yaƙin duniya na biyu ya fi kusa da ruwan hanta. Jan Ferrari da matasa suka sani a talabijin daga ƙarshen shekarun 1990 kuwa haskaka shi aka yi, ya ɗan karkata zuwa ruwan goro. Wanda ya shafa wannan a motar 1950 ya sa wa kaka kayan jika. Don haka kada ka ba ni suna. Faɗa mini wace mota, wace shekara.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu a nan gida. Najeriya na da dokar da ta hana farar hula shafa wa mota koren soja, tun zamanin mulkin soja aka kafa ta. In ka zaɓi kore mai duhu marar sheƙi, a shingen bincike ba wanda zai tsaya ya saurari tarihin Napier. Nakan ba da shawarar a ɗauki wanda ya yi nesa da na barikin, a kuma goge shi ya yi sheƙi sosai.

Na samu hoton motar tun tana sabuwa. Ba zai wadatar ba?

Hoto shaida ne, amma ba irin shaidar da alƙali ke yanke hukunci da ita ita kaɗai ba. In baƙi-da-fari ne na kafin shekarun 1930, yawancin fim ɗin wancan zamani makaho ne ga ja: jar mota ta fito baƙa ƙirin, shuɗiya kuma ta fito kamar fara. Mutum zai ga Bugatti shuɗiya a irin wannan hoto ya rantse fara ce. Da fim mai ganin dukkan launuka ya yaɗu abin ya yi sauƙi, amma ko a nan ja da kore masu duhu ɗaya toka iri ɗaya suke bayarwa.

Hoto mai launi ma da nasa ciwon. Kodachrome, wanda ya fito a 1935, yana riƙe launinsa in an adana shi a duhu. Saura da yawa sun koɗe sun koma ja-ja. Ɗauko hoton auren iyayenka na shekarun 1970 ka ga yadda farar babbar riga ta zama ruwan hoda. Sannan a ɗauki wannan hoton da waya, a turo ta WhatsApp, ka buɗe a taka wayar mai nata irin hasken. Jera wayoyi uku a tebur da hoto ɗaya, launi uku za ka gani.

Amfanin hoto a wurina shi ne tsari: inda layi ya fara da inda ya tsaya, faɗinsa, girman da'irar lamba, ko bonet baƙi ne. A nan kam ba abin da ya kai shi.

A ina ake samun fentin asali a motar da aka sake wa fenti sau da yawa?

Inda mai fenti ya yi ƙyuya. Mun san halinmu: abin da idon mai mota ba ya gani, ba kasafai bindigar feshi ke leƙa shi ba. A ɗaga robar gilashi, a cire kwalin ƙofa a duba ciki, a leƙa bayan dashbod, ƙarƙashin kafet, ramin safaya taya, bayan hinjin ƙofa, ƙarƙashin tambarin kamfani. Wuraren nan rana ba ta taɓa dukansu ba, launin da ke can ya fi na saman mota gaskiya nesa ba kusa ba.

In ba a dace ba, sai a haƙa rijiya. A zaɓi wuri ɓoyayye, a jiƙa samfefa mai laushi, a riƙa murzawa a hankali a wuri ɗaya da bai wuce faɗin murfin kwalba ba. Fenti zai riƙa buɗewa zobe-zobe kamar an yanka albasa. Zoben waje shi ne na bana, tsakiya kuma ƙarfe. A yi haka a wuri uku aƙalla, kuma a gangar jikin mota, ba a ƙofa ko bonet kaɗai ba, don ƙofar da kake gani ƙila daga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, aka sayo ta shekara 20 da suka wuce.

Wani bawan Allah mai sayar da albasa a Mile 12 ya taɓa kawo mini 504 ta mahaifinsa, ya ce shi dai ya taso ya gan ta ruwan toka. Muka haƙa a ginshiƙin ƙofar baya. Ruwan toka ya wuce, fila, wato abin cike lotsawar jikin mota, ta wuce, sai ga rawaya shar, a gefenta ɗan baƙin layi. Na ce, "Alhaji, motar nan ta yi tasi a Legas." Ya ce wallahi ba a taɓa ba. A nan tsaye ya buga wa baffansa waya a Katsina, tsoho ya yi dariya ya ce shekara biyu ta yi tana jigila bayan rasuwar wansa, da kuɗinta aka biya wa yara makaranta. Ƙarƙashin rawayar muka tarar da ruwan madara, siriri, lafe a kan firaima. Shi ne na kamfani. Ya daɗe yana kallon ɗan ramin nan kafin ya ce a bar masa shi kada a rufe.

Hattara da zoben ƙarshe. Abin da ke manne da ƙarfe yawanci firaima ne, shimfiɗar da ke hana tsatsa, kuma ta da sau da yawa ja ce kamar jar ƙasa. Ina yaro a sana'a na ci wannan ƙasa: na ga ja a ƙasan komai, na haɗa ja, na feshe ƙofa biyu kafin maigidana ya dawo daga masallaci. Bai yi faɗa ba. Samfefa ya miƙo mini, na kwana biyu ina kankarewa. Firaima ba ta sheƙi ko an goge ta, fenti kuwa yana yi. In ka samu launin, goge shi da folish tukuna kafin ka gwada shi da komai, don tsohon vanish yana yin rawaya, ya mayar da shuɗi kamar kore.

Ba akwai lambar fenti a jikin mota ba?

A motocin da aka ƙera don sayarwa, akwai. Tsohuwar Mercedes na da ɗan faranti na ƙarfe a gaba, kusa da lagireto: 040 baƙi ne, 050 fari, 180 ruwan toka mai ƙyallin azurfa. Lambobin Volkswagen da harafin L suke farawa, L41 baƙi, L87 fari mai ruwan madara, a takardar da ake mannawa kusa da safaya taya. Na Porsche na jikin ginshiƙin ƙofa.

Sai dai faranti ana ciro shi. A Ladipo rabin mota ake sayarwa sukutum, in aka taɓa sauya gaban taka, farantin da kake karantawa na wata motar ne. Gwada shi da lambar shasi. Da wannan lambar kuma ake rubuta wa masu ajiyar tarihi: Mercedes-Benz Classic na da katin bayanin kowace mota, Jaguar Daimler Heritage Trust na ba da takardar shaida, gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila na riƙe da kundin MG da Triumph da Austin-Healey, Ferrari kuma ta buɗe sashenta na Classiche a 2006. Ana biyan kuɗi, ana kuma jira.

Motar tsere zalla ita ce mai wuya. Ba don kasuwa aka yi ta ba, sau da yawa a garejin ƙungiya ake fesa ta cikin gaggawa, in ta yi karo ranar Asabar a gyara a sake fesawa kafin Lahadi. Irin wannan ba ta da faranti, jikinta ne kundinta.

Gaskiya ne Mercedes kankare fenti ta yi shi ya sa motocinta suka zama ruwan azurfa?

Labarin da daɗi. An ce a 1934, a filin Nürburgring, an auna sabuwar motarta W25 ta zarce iyakar nauyi ta kilo 750 da kilo ɗaya, sai manajan ƙungiyar, Alfred Neubauer, ya sa aka kwana ana kankare farin fenti har alminiyon ya fito, washegari Manfred von Brauchitsch ya ci tseren. Cin tseren gaskiya ne. Kankarewar ce masu bincike ke shakka, don labarin bai bazu ba sai a shekarun 1950 daga bakin Neubauer kansa, kuma wannan tseren ba a ƙarƙashin dokar kilo 750 aka yi shi ba. Tun a 1932 ma shi von Brauchitsch ya yi tsere a filin Avus na Berlin da mota mai jikin alminiyon tsirara. Ina kawo wannan ga duk wanda ya ce mini "ai kowa ya sani".

Motar da ta yi tsere da launi biyu ko uku, wanne ne na asali?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma samfefa ba ta amsa ta. A 1964 Enzo Ferrari ya yi rigima da hukumomin tsere na ƙasarsa, ya ƙi sa ja, John Surtees ya yi tsere biyu na ƙarshe, a Amurka da Meziko, da Ferrari mai fari da shuɗi, a haka ya zama zakaran duniya. To in motar nan ta zo hannunka, ja za ka shafa ko fari da shuɗi? Duka biyun nata ne.

Abin da masu gyara na ƙwarai ke yi shi ne su zaɓi rana guda a rayuwar mota, ko ranar da ta bar kamfani ko ranar babbar nasararta, su mayar da komai yadda yake a ranar: launi, lamba, tambarin talla, har launin wili. Abin da ba a yi shi ne gauraya, a ɗauki launin wata shekara a haɗa da lambar wata. Kuma launin da bai yi kama da "na gida" ba shi ne wani lokaci darajar mota. Cikin Ferrari 250 GTO guda 36 da aka ƙera akwai wadda aka yi wa direban tsere Stirling Moss, kore ce mai haske, ba ja ba. Duk wanda ya mayar da ita ja don ta yi kama da 'yan'uwanta ya yi ɓarna.

Ina so a yi wa 504 ɗina kwalliyar gasar Safari. Zai yiwu?

Sosai ma, ita ce kuma kwalliyar da ta fi dacewa da motocinmu. Peugeot 404 ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, Ove Andersson ya ci da 504 a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Datsun 240Z ta ci a 1971 da 1973. Mai Mercedes ma yana da abin kwaikwayo a nan maƙwabta: 450 SLC ta ci gasar Bandama ta Kwaddibuwa a 1979 a hannun Hannu Mikkola.

Abu ɗaya da mutane ke kuskurewa: baƙin bonet na irin waɗannan motoci, kamar na jar 240Z, ba ya sheƙi. Da gangan aka yi shi haka don kada rana ta haske wa direba ido. Na sha ganin an fesa masa kiliya, wato shafen sama marar launi mai sa sheƙi, yana walƙiya kamar takalmin ɗan sanda. Sannan in za ka sayar wata rana, ka faɗa wa mai saye kwaikwayo ne.

Ba a cewa akwai na'urar da ke karanta launi ta ba da haɗi?

Akwai, manyan masu sayar da fenti a Legas na da ita, ina kuma amfani da ita. Amma abin da aka nuna mata take karantawa. Ɗora ta a rufin da ranar Legas da iskar teku suka shekara 40 suna ci, za ta ba ka haɗin koɗaɗɗen launi daidai wa daida. Sai an kai mata ɓoyayyen wuri, gogagge, mai ɗan faɗi kuma shimfiɗaɗɗe.

Ko ta ba da haɗi, ba a fesa wa mota kai tsaye. A fesa a ɗan faranti, ya bushe, a fita da shi waje a kara da na asali da hantsi, a sake dubawa a inuwa, sannan a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sinadaran launi na yanzu ba su ne na da ba, sai ka ga launi biyu sun zama ɗaya a hasken gareji, da an fito rana kowanne ya kama gabansa. Ni ba na yanke hukuncin launi da dare, ko da janareta na aiki.

Akwai kuma ƙaramar na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yakan tsaya wajen maikiron 100 zuwa 150 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), in ka ga 400 an sake fesawa, in ya haura 1,000 fila ce a ƙasa. Mai aiki da maganaɗisu ba ta karanta alminiyon, jikin motocin tsere da yawa kuwa alminiyon ne, sai a nemi mai iya duka biyun.

Launi ya yi daidai, amma motar ba ta yi kama da ta da ba. Me ya faru?

Irin fentin ne. Kafin 1924 yawanci da burushi ake shafa wa mota fenti, hawa-hawa, ana makonni ana jiran ya bushe. Sai kamfanin DuPont ya kawo Duco, fentin selulos mai saurin bushewa, wanda aka daɗe ana amfani da irinsa. Sheƙinsa mai taushi ne, a cikin launin yake. Na yanzu hawa biyu ne, launi sannan kiliya a sama, shi ya sa tsohuwar mota ke fitowa kamar alewa a leda. In ana son kamannin da, a yi fenti mai hawa ɗaya ba kiliya. In mai ƙyalli ne, a nemi mai ƙananan ƙwayoyi, don na da sun fi na yanzu laushi.

Masu nacewa sai selulos, su sani shi da damina ba sa shiri. A laimar Legas ta watan Yuni yana bushewa da hazo fari-fari a fuskarsa. A jira rani.

Fentin asali na nan amma ya tsattsage. In sake ko in bari?

In tsatsa ba ta ci ba, bari, ranka ya daɗe. Wanke, goge a hankali, a taɓa inda ya ɓantare kawai. A kasuwar tsofaffin motoci ta duniya yanzu wadda ba a taɓa ba takan fi wadda aka sabunta daraja. Na san ina korar ciniki da bakina.

Akwai wani abin kiyayewa kafin a fara?

Tsohon fenti, musamman rawaya da ruwan goro da jar firaima, yakan ƙunshi dalma. Kada a murza shi a bushe, kada a bar yaran gareji su yi ba takunkumi, kada a ci abinci a wurin. Launin mota kuma rubuce yake a takardunta, in ya canza a je ofishin lasisi a gyara kafin a hau titi. Kafin a kankare komai a ɗauki hoton kowane rami da aka haƙa, a yanko ɗan ɓallin tsohon fenti a sa a ambulan, a ajiye tare da takardun mota.

Zan iya turo maka hoto ka haɗa mini fentin kafin in zo?

A'a, Hajiya. Kwance murfin tankin mai ko murfin akwatin dashbod in na ƙarfe ne, ki ba direba ya kawo, da lambar shasi a rubuce a takarda. Ya zo da safe, kafin rana ta take.